Katunan Malam a Wuyan Buhun Albasa

Ni ne wawan labarin nan, gara in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni. Waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun kwanta dama, saura ni da wani wanzami a Mafara wanda kunnensa ya mutu. Da na so, sai in gyara zancen in fito fes, in ce ni aka zalunta. To amma shekaru sun kai inda mutum ke sauke kaya, ba ƙara wasu ba.

Jikata ce ta tono abin. Tana karatun aikin laburare a wata babbar makaranta, ta zo hutu Dakko da jaka cike da takardu, wai an aike su su tambayi mutane yadda suke fahimtar kan maganar da ake jera littattafai a ƙarƙashinsa. Ta zauna bakin tabarmata, ta gyara biro.

"Angona, in ka ga an rubuta 'Hatsi: cututtuka da ƙwari', mi kaka tsammanin za ka iske ciki?"

"Amarya, wa ya aiko ki?"

"Malaminmu."

"Mutumin Maradun ne?"

Ta ce ba ta sani ba. Na ce ana jirana a gona, na ɗauki sanda na fita, alhali gonar tuni na raba wa 'ya'ya. Yau kwana huɗu ke nan zama ya gagare ni. In na zauna zaure sai in ji kamar akwai cinnaku a tabarma, in na je bakin masallaci sai in ga hirar ba ta da gishiri. Shi ya sa na ari ragowar littafin rubutunta, ko na samu lafiya.

Karatuna na boko aji huɗu ne a Bakura, daga nan babana ya ce fartanya ta yi kewata. Manya sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa nawa ƙuƙumin har ado nake yi da shi. Biro biyu nake sa wa a aljihun gaba, ɗaya ma ba ya rubutu. Lokacin ruwan dam ɗin Bakolori bai daɗe da fara bin kanal ba, ƙasar da muka sani busasshiya da rani ta koma kore shar, mutane na koyon noman alkama kamar yaro na koyon tafiya. Da damina ina Dakko ina noma gero. Da rani sai in sauka Mafara wurin wani dillalin albasa da kowa ke kira Baba Dillali, ina rubuta masa sunayen masu kaya a jikin buhu. Har yau in na rufe ido ina jin wannan rani: kukan ruwa in an buɗe ƙofar kanal da sassafe, jakuna suna nishi da mangala, ƙarar manyan motoci suna jiran lodi, da warin albasa da ke bin mutum har cikin sallah. Yanzu yaro na zaune a inuwa zai yi wa waya magana ta amsa masa, ko kunya ba ta ji. A zamaninmu in kana son sanin abu sai ka taka, ka yi sallama, ka gaisa har gajiya da iyali, sannan ka tambaya, wani lokaci ma a ce ka dawo gobe.

A Mafara akwai wani ɗakin karatu na gwamnati kusa da kasuwa, ɗaki ɗaya mai tagogi biyu da fanka. Gaskiya fankar ce ta fara kai ni. Mai kula da shi wani siririn mutum ne ɗan Maradun, Malam kawai muke ce masa, ya yi kwas a Zariya, ba ya ɗaga murya ko akuya ta shigo. Dukiyarsa a duniya wani akwatin katako ne mai ƙananan durowoyi, cike da katuna fal, an zura su a kan ƙarfe. Kusan kowane kati yana da kan magana a sama da Turanci, Malam ya rubuta Hausarsa a ƙasa da jan biro, a gefe kuma ga lambar da ke nuna kantar da littafin yake. In ɗakin ya yi shiru ba ka jin komai sai fanka, da tafiretarsa tana taf-taf, da ƙarar durowa in ya ja ta, surrr, kamar mai zare takobi.

Ni ban taɓa jan durowar nan ba. Girman kai ya hana ni, kada in ja in rasa gane abin a gaban mutane. Da baki nake tambaya, kuma da baki nake gardama. Ran nan na ce wa Malam ina son littafin albasa. Ya ja durowa, ya ɗauko mini daga "Kayan lambu".

"Malam, albasa ce kayan lambu? Abin da ke cika tirela a kai Kurmi? Ai ka ƙasƙanta ta. Lambu na tsohuwa ne a bayan gida."

"Ɗan Dakko, ba ni na raɗa sunan ba. Akwai littafin da muke bi, don wanda ke Gusau da wanda ke Sakkwato su iske abu wuri guda."

"Wanda ya rubuta shi ya taɓa cin albasa?"

Sai ya yi murmushi, ya jawo wani ɗan guntun fensir daga bayan kunne ya yi rubutu a takarda. Haka yake yi da kowa. Manomi ya zo ya ce alkamarsa ta yi tsatsa, ko wani ya ce yaransa na da tsargiya, suna fitsarin jini tun da suka fara wanka a kanal, Malam zai saurara, ya nemo littafin, ya karanta musu ya fassara, sannan ya ɗan yi rubutunsa. Ni na ɗauka sunayen masu surutu yake tarawa, kamar monita.

A ranin da nake magana, Malam ya rame. Ya gaya mini manyan ofis suna cewa ba mai karatu a garin, ga taki ana kawowa ba wurin ajiya, suna son ɗakin ya zama sito. Za a aiko sifeto daga Sakkwato cikin watan, ya duba, abin da ya rubuta shi za a bi. Ba a faɗi rana ba. Kullum Malam na goge kanta, yana sake buga katin da ya yi datti. Ana cikin haka, ranar wata Lahadi, aka aiko masa mahaifinsa ya rasu a Maradun. Ya same ni a rumfar Baba Dillali, idonsa ja, ya miƙo mini makulli.

"Sai an yi sadakar bakwai zan dawo. Ka buɗe da safe, ka share, ka shimfiɗa jarida, kada wanga mutum ya zo ya iske ƙofa rufe. Shi ke nan aikinka."

"Allah shi jiƙan Baba. Ka tahi hankali kwance, Malam."

"Shara da jarida, Ɗan Dakko."

"Na ji."

Na ji ɗin kuwa, da kunne. Babana yakan ce hannuna ya riga kaina tashi daga barci. Litinin da safe na share, na shimfiɗa jarida, na zauna a kujerar Malam. Na tashi. Na leƙa taga. Na koma na zauna. Akwatin nan yana kallona, ina kallonsa. Sai wata dabara ta faɗo mini, irin wadda ke zuwa wa mutum da rigar alheri. Na ce ai abin da ya sa ake cewa ba mai karatu, an jera ilimin ne yadda ba wanda ya saba. Ga kasuwar Talata nan, makaho ma ya san inda zai sami gishiri. Layin hatsi daban, layin 'yan albasa daban, kara inda ake sayar da dabbobi daban, 'yan magani, maƙera, wanzamai, 'yan littattafan addini a bakin masallaci. In na jera katunan haka, duk wanda ya iya cin kasuwa ya iya karatu. Sifeto zai zo ya ga jama'a, ɗaki ya tsira, Malam ya dawo ya rungume ni. Har na ga rungumar.

Na zare ƙarafan, na zazzage durowoyin a kan tabarma. Da na fara tsincewa sai na gano abin da na kira almubazzaranci. Littafi ɗaya, kati uku, wani ma biyar: ɗaya da sunan wanda ya rubuta, ɗaya da sunan littafin, sauran kowanne da nasa kan magana. Na ce wannan ai kamar a ɗaura wa tunkiya ɗaya igiya biyar ne. Na zaɓi ɗaya ɗaya, sauran na tara a kwando. Sai kuma na iske wasu katunan da ba su da lamba ko ɗaya, ba littafi a bayansu, rubutun hannun Malam ne tsantsa. "Tsatsar alkama: duba Hatsi, cututtuka da ƙwari." "Tsargiya: duba Cututtukan ruwa." "Gishirin gona: duba Ban ruwa." Suna da yawa, sun fi ƙarfin hannu biyu. A cikinsu na ga "Albasa: duba Kayan lambu", sai na tuna ranar da fensirin ya sauko daga bayan kunne. Na riƙe katin jim. Da ina da hankali a nan zan tsaya. Amma sai na ce wa kaina, waɗannan 'yan aike ne, kati ya tura ka wurin kati, ni kuwa yanzu zan sa kowa ya iske abinsa kai tsaye. Suka bi 'yan uwansu cikin kwando.

Washegari Talata, kasuwa ta cika, Baba Dillali yana faɗa don fentin da muke rubutu da shi a buhu ya ƙare, ga motoci biyu za su tashi Kurmi. Na ce ya kwantar da hankalinsa. Na kawo kwando. Katunan masu kauri ne, bayansu fari tas, kuma kowanne da hudarsa a ƙasa, sai ka ce don wuyan buhu aka yi su. Muka rubuta sunayen masu kaya a baya, muka zura igiya muka ɗaure. Baba Dillali ya ɗaga ɗaya yana juyawa.

"Kai yaro, wanga abu ba na gwamnati ba ne?"

"Rara ce, Baba."

"Gwamnati na da rara?"

"Ni ke riƙe da makulli."

"To Allah shi sa makullin ya san da haka."

Kafin la'asar motocin suka tashi. Na tsaya ina kallon katunan suna rawa a wuyan buhuna har suka sha kwana.

Daga nan na shiga shela. Na gaya wa duk wanda na sani cewa an gyara ɗakin karatu, yanzu kamar kasuwa yake. Kuma suka zo, wallahi suka zo, wasu don fanka, wasu don su ga ƙarshena. Na manna takarda a goshin kowace durowa da sunan layinta. Kwana biyun farko na yi sarauta. Albasa ta sami durowarta ita kaɗai, da kati biyu rak a ciki, amma dai ta fita daga lambu. Sai rigima ta fara kunno kai. Akwai littafin ciwon doki da jaki. Wani mai sayar da jakuna ya ce kara zai tafi. Mai magani ya ce nasa ne, tun da maganar ciwo ce. Wanzamin nan da na ce yana raye ya ce ƙarya suke, shi ke yi wa doki sakiya a garin nan. Shi ya fi su murya, na ba shi. Littafin lissafin gado kuwa, limamin unguwa ya ce addini ne, tela ya ce lissafi ne, na rasa layin lissafi a kasuwa, na cusa shi wurin 'yan awo.

Wanda ya tsaya mini a rai na dam ne. Littafi ne mai hotuna, yadda ake tare kogi a raba ruwa. Na sa katinsa a layin alkama ba tare da tunani ba, kowa ya yarda. Sai wani dattijo da ke zaune a ƙofa, ya zo daga wajen Maradun sayar da kaji, ya yi gyaran murya.

"Ɗana, ku nan alkama yake gare ku. Mu can gonakinmu ya ci. In akwai layin gonar da ruwa ya cinye, can za ka sa shi."

Wani ya ce ai kasuwa ba ta da wannan layin. Dattijon ya ce ya sani, shi ya sa ya faɗa. Na tsaya da kati ɗaya a hannu, mutum biyu kowa da gaskiyarsa, kuma na tuna littafin nan kati huɗu na iske masa, uku suna hanyar Kurmi. Zufa ta keto mini ƙarƙashin fanka. Amma irinmu ba ma komawa baya, sai dai mu ƙara sauri. Na tura shi layin alkama na rufe durowa.

Yanzu jikata ta ce a na'ura abu ɗaya yana iya zama wuri ɗari, ba a yanka kati ba a buga tafireta. Na ce madalla, zamaninku ba ya buƙatar hankali, shi ya sa kuka huta. A namu duk wurin da abu ya zauna, wani ne ya zauna ya yi tunani ya ajiye shi, da yatsa biyu, harafi bayan harafi. Ni ma da na zauna yin tunanin, kafin Lahadi na daina tuna dalilin da ya sa na ajiye rabin abin da na ajiye. Ina ja ina mayarwa, ina canja wa kati layi sau uku a yini, abinci ma a tsaye nake ci.

Litinin da hantsi Malam ya dawo, da 'yar jakarsa, kansa da sabon aski. Ɗakin cike da mutane. Aka yi masa ta'aziyya layi layi, yana amsawa, idonsa na kan takardun da na manna. Da aka gama ya taka a hankali ya ja durowar farko. Ya ja ta biyu. Ya sa yatsa yana tafiya da katunan, suna zubewa baya don sun yi kaɗan.

"Ɗan Dakko, ina sauran?"

"Na rage masu maimaici, Malam."

"Ina masu 'duba'?"

"'Yan aiken? Ai yanzu ba a buƙatarsu."

"Ina suke?"

Wanzami ne ya amsa, ba wanda ya tambaye shi. "Sun tahi Kurmi da albasa tun Talata."

Malam ya nemi kujera ya zauna. Bai zage ni ba, da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya ce, kamar da bango yake magana, shekara bakwai yana tara su. Wanda ya rubuta babban littafinsu bai san tsargiya ba, bai san gishirin gona ba, shi ya sa duk kalmar da mutum ya shigo da ita a bakinsa yake yi mata kati, don gobe wani ya zo da ita ya iske hanya. Ya ce wasu masu kalmomin sun mutu. Ya ce akwai na babansa a ciki.

Bai rufe baki ba mota ta tsaya a ƙofa. Sifeto ne, dogo mai tabarau, da fayil a hammata. Ya ga taro, fuskarsa ta sake, ni ma zuciyata ta ɗan dawo. Aka gaisa, ya yi wa Malam gaisuwar rashi. Sannan ya nufi akwatin. Ya karanta goshin durowa, "Layin wanzamai", ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya faɗi sunan wani marubuci ya ce a nemo masa. Ba kati ko ɗaya mai sunan marubuci, ni na tabbatar da haka. Ya ce to ciwon dabbobi. Ya ja kara da kansa, babu. Ya ja 'yan magani, babu. Na yi wuf na ja ta wanzamai na zaro katin, na ruga kanta na kawo littafin, ina haki.

"Mi ya kai doki wurin wanzami?"

"Sakiya, ranka shi daɗe."

Sifeto ya dubi Malam. Malam na iya cewa ga wanda ya yi, mutum ashirin za su shaida. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ni na ba da makullin."

Sifeto ya gwada sau uku kuma, shi kaɗai, ya hana ni matsowa. Bai sami ko ɗaya ba. Ya tambayi Malam kwana nawa zai ɗauka ya mayar da akwatin yadda yake. Malam ya ce masu lamba wata shida, in an ba shi kati. Masu "duba" kuwa bai sani ba. Sifeto ya rufe fayil. Ya ce ya ga jama'a, ba zai ɓoye ba, amma ba zai iya rubuta cewa ya iske ɗakin karatu ba, tarin littattafai ya iske, takin kuwa kafin ruwan farko ake son wurinsa. Za a sa littattafan a kwali a kai Sakkwato, inda akwai masu yi musu kati.

Na sha gabansa, na durƙusa har biron da ba ya rubutu ya faɗo.

"Ranka shi daɗe, don Allah ka tsaya! Ba sai an yi kati ba. Ni na jera su, duk suna nan cikin kaina. Kowa ya zo ya tambaye ni, ko mi yaka nema, ni zan nuna mashi!"

Sifeto ya buɗe baki, amma Malam ya riga shi. Bai ko ɗaga murya ba, yana kwance takardar da na manna a goshin durowa, a hankali don kada fenti ya tashi.

"Madalla. In ruwa ya sauka kuma sai mu rubuta a ƙofa: ilimi ya tahi Dakko noman gero, a dawo da kaka."